Shin Lesitin Na da Illa ga Mai Juna Biyu?

Duk matar da ta taɓa juya gwangwanin madarar gari, ko kwalin biskit, ko robar bota, ta karanta ƙananan rubutun da ke baya, da wuya ba ta ci karo da kalmar Lecithin ba. Wani kamfanin yakan sa Soy ko Soya a gabanta, wani kuma lamba kawai yake rubutawa, wato E322. A nan za mu kira shi lesitin. A da babu wanda ya damu da shi. Amma tun da saƙonnin murya suka fara yawo a wayoyi, ana jero lambobi masu farawa da harafin E, ana cewa wannan kitsen alade ne, wancan yana zubar da ciki, sai mata masu zuwa awo daga Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Kafur suka fara tambaya a kai. Wasu ma sun daina shan madara gaba ɗaya, wasu kuma maigida ne ya hana a sayo. Mace mai ciki wata bakwai, ga ƙarancin jini, ga rama, a ce ta yanke wa kanta abinci mai gina jiki saboda wata lamba, ai ba ƙaramin abu ba ne.

Ra'ayina shi ne, lesitin ɗin da ake sakawa a abinci ba ya cutar da uwa, ba ya kuma cutar da abin da ke cikinta. Ina faɗin haka ne da hujja, kuma zan kawo ta. Sa'an nan zan nuna inda nake ganin ya fi dacewa iyali su sa ido, domin a halin yanzu an bar jaki ana dukan taiki.

Lesitin wani nau'in maiƙo ne da Allah ya halitta a jikin kowane abu mai rai. Wani masanin haɗa magunguna na ƙasar Faransa mai suna Théodore Gobley ne ya fara fitar da shi daga gwaiduwar ƙwai a shekarar 1845, a 1850 kuma ya raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin gwaiduwa. Daga baya aka gano cewa 'yar fatar da ta lulluɓe kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum, da irin wannan maiƙo aka gina ta. Akwai shi a ƙwaƙwalwa, akwai shi a hanta, akwai shi a cikin ruwan nonon uwa. A cikin abin da muke nomawa kuwa, waken suya yana da shi da yawa, haka gyaɗa da angurya. Saboda haka uwargida, idan kin ci awara jiya da yamma, ko kin sha kunun gyaɗa da safe, ko kin dafa ƙwai, to kin ci lesitin, kuma wanda ke cikin ƙwai guda ɗaya ya fi wanda ke cikin kofin shayin madara nesa ba kusa ba.

To me ya sa kamfanoni ke ƙara shi? Kowa ya san mai da ruwa ba sa ga-maciji. Zuba man gyaɗa a ruwa ki kaɗa, kina ajiye cokali zai taso sama. Shi lesitin hannu biyu gare shi, ɗaya yana kama mai, ɗaya yana kama ruwa, sai ya riƙe su tare kamar dillalin da ya tsaya tsakanin mai saye da mai sayarwa. Abin da ya sa bama ke yin kauri ba ta tsinkewa ke nan, gwaiduwar ƙwan da ke ciki ce ke wannan aiki. A madarar gari kuwa, ana feshe garin da ɗan lesitin ne don ya narke da wuri ba tare da ya yi gudaji ba. A cakulan yana sa shi laushi, a bota yana hana ta fallatsi a kasko. Abin da ake sakawa kaɗan ne ƙwarai, galibi bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyin abincin ba. Shi ya sa za ki gan shi can ƙarshen jerin kayan haɗi, domin ƙa'ida ita ce a fara rubuta abin da ya fi yawa, a ƙare da mafi ƙanƙanta.

Yadda ake samo shi ma ba wani abin ɓoye ba ne. Irin waken suyan da manyan motoci ke lodi a kasuwannin Ɗandume da Funtuwa, idan ya isa kamfanin mai aka tatse shi, ɗanyen man yakan fito da wani danƙo a cikinsa. Sai a zuba masa ruwa kaɗan a juya, danƙon ya sha ruwa ya kumbura, a ware shi da inji, a busar. Wannan danƙon shi ne lesitin. Matan da ke matse man gyaɗa a gida sun san guggubin da ke kwantawa a ƙasan kwalba. Akwai ɗan'uwansa a ciki.

Maganar alade fa? Wannan tambaya ce ta addini, kuma Musulmi yana da haƙƙin ya san abin da yake kaiwa bakinsa. Fatawa ta malamai ce, namu shi ne mu faɗi daga inda abin ya fito. Lesitin da ke kasuwar abinci ta duniya, mafi yawansa daga waken suya ne, sai wanda ake samu daga wasu tsirrai masu mai kamar furen-rana, sai ɗan kaɗan daga ƙwai. Dalilin ma na kuɗi ne: na waken suya ya fi araha, tunda rarar aikin tace mai ne. Idan an rubuta Soy ko Soya a gaban sunan, an gama magana, tsiro ne. Akwai dai wasu lambobin da suka cancanci a tambaya, alal misali E471, wanda ana iya yin sa da man tsiro, ana kuma iya yin sa da kitsen dabba. Mai tsantseni ya nemi tambarin halal a jikin kayan, ko inda aka rubuta cewa daga tsiro ne. Amma a haɗa kowace lamba a ce duk alade ne, wannan ƙarya ce.

Harafin E ɗin nan da ake tsoro, ma'anarsa Turai, wato lambar da Tarayyar Turai ta ba abin bayan an bincike shi. E300 sinadarin bitamin C ne. E330 tsamin da ke cikin lemon tsami ne. E100 launin kurkur ne, wanda muke sa wa shinkafa. Ba na cewa duk abin da ya taɓa samun lamba lafiyayye ne har abada. A shekarar 2022 Tarayyar Turai ta hana sa E171 a abinci, wani farin launi ne, bayan masananta sun ce ba za su iya ci gaba da tabbatar da amincinsa ba. Wannan kuwa shaida ce cewa ana komawa a sake dubawa, kuma wanda ya kasa ana cire shi.

An yi wa lesitin irin wannan duba sau da dama. Akwai kwamitin masana na haɗin gwiwa tsakanin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya, ana kiran sa JECFA a taƙaice. Aikinsa shi ne ya ƙayyade yawan abin da mutum zai iya ci na kowane sinadari kullum, tsawon rayuwarsa, ba tare da ya cutu ba. Yawanci sukan nemo adadi mafi yawa da bai yi wa dabbobin gwaji komai ba, sa'an nan su raba shi gida 100 don a bar wa ɗan Adam tazara mai faɗi. Da suka zo kan lesitin a shekarar 1973, sai suka ce ba ya bukatar a sa masa iyaka. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa shi cikin jerin abubuwan da aka amince ba su da haɗari. Hukumar lafiyar abinci ta Turai ta sake buɗe maganar daga tushe a 2017, ta duba har da batun ciki da haihuwa, ita ma ta ce babu abin damuwa a yadda ake amfani da shi. A 2020 ta koma ta duba jarirai 'yan ƙasa da mako 16 masu shan madarar gwangwani, inda dokarsu ta yarda a sa har giram 1 a lita guda, ta ce wannan adadin ba shi da illa. Abin da suka ja kunne a kai shi ne tsabtar lesitin ɗin, kada ya zo da gurɓata irin ta dalma ko makamantanta. Wannan kuwa magana ce ta ingancin kamfani.

A nan gida, hukumar NAFDAC ce ke da alhakin wannan. An kafa ta da doka mai lamba 15 ta 1993, kuma manyanmu za su tuna zamanin marigayiya Farfesa Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008, lokacin da aka yi ta rufe gidajen burodi saboda sinadarin buromet da suke sakawa don burodi ya kumbura. Shi buromet haramtacce ne a Nijeriya, domin gwaji ya nuna yana jawo ciwon daji ga dabbobi. Hukumar tana da ƙa'idoji kan abubuwan da ake ƙara wa abinci, na 2005 da waɗanda suka biyo baya a 2021, kuma tana tafiya ne da ma'aunin Codex na duniya, wanda ya yarda da lesitin. Saboda haka hukumar da ta hana buromet, ita ce ta yi wa madarar da ke ɗauke da E322 rajista.

Akwai mutanen da ya kamata su yi hattara, kuma ba su da yawa. Su ne waɗanda jikinsu ba ya jituwa da waken suya ko ƙwai, da sun ci sai borin jini, ko kumburin leɓe da ido, ko numfashi ya sarƙe. Lesitin yakan zo da ɗan ɓurɓushin sinadarin waken da ke jawo wannan, kodayake kaɗan ne, har ma yawancin masu wannan lalura ba ya tayar musu. Duk da haka idan kin san kina da ita, ki faɗa tun ranar awon farko a rubuta a katinki. Dalili kuwa, lesitin na ƙwai yana cikin wasu magungunan asibiti, ciki har da farin ruwan allurar sa barci mai suna furofofol da ake amfani da shi a ɗakin tiyata, da kuma ruwan maiƙon da ake sa wa bakwaini ta jijiya idan bai iya shan nono ba. Ki lura da wannan: abin da ake ce miki guba ne a waya, shi ake ɗura wa jaririn da bai kai kilo biyu ba don ya rayu.

Yanzu bari mu juya ga ɗaya ɓangaren, domin yayin da wasu ke gudun lesitin, wasu kuma tallarsa suke yi. Akwai masu yawo gida-gida da gidajen suna da robobin kafso na lesitin, suna cewa yana ƙara wa jariri basira tun yana ciki, yana nunar da huhunsa, yana sauƙaƙa naƙuda. Wannan magana tana da ɗan tushe, shi ya sa take shiga kunne. Gaskiya ne huhun ɗan tayi yana yin wani ruwa mai santsi da ke hana jakunkunan iska mannewa idan ya fara numfashi, kuma yawancin ruwan nan wani nau'in lesitin ne. Wani likitan Amurka, Louis Gluck, ya nuna a 1971 cewa idan aka auna lesitin a ruwan mahaifa ana iya gane ko huhun ya nuna, abin da yakan faru wajen mako na 35. Bakwainin da ya zo kafin nan shi ne za ki ga yana nishi, ƙirjinsa na lotsawa. To amma huhun jaririn ne ke haɗa nasa da kansa idan lokaci ya yi. Kafson da uwa ta haɗiya narkewa yake a hanjinta kamar kowane maiƙo, ba ya tafiya huhun ɗa ya zauna. Abin da aka tabbatar yana gaggauta nunar huhu shi ne allurar dekzametazon da ake yi wa uwa a asibiti idan naƙuda ta taso kafin lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada ta a asibitocin ƙasashe biyar, har da Nijeriya, aka fitar da sakamako a 2020 cewa ta rage mutuwar jarirai. Allurar tana bukatar sa'o'i kafin ta yi aiki. Don haka maigida, idan mai ɗakinka ta fara ciwon mara ko faya ta fashe ciki bai kai wata tara ba, mota za ka nema a daren, kada a jira gari ya waye.

Batun basira kuma, abin da ake nufi shi ne wani sinadari mai suna kolin da ke cikin lesitin, wanda ƙwaƙwalwar ɗan tayi ke bukata. Masana a Amurka sun ƙiyasta a 1998 cewa mai juna biyu tana bukatar miligiram 450 a rana, mai shayarwa 550. Ƙwai babba guda ɗaya yana da kusan 150. Kafson lesitin na yau da kullum, mai miligiram 1,200, kolin da ke cikinsa bai kai rabin na ƙwai ɗaya ba. Ku kwatanta kuɗin roba guda da kuɗin kiret ɗin ƙwai, ko mudun waken suya da ake nomawa a bayan gida. Ina roƙon iyayenmu surukai da ke hana mai ciki cin ƙwai da su sassauta. Dafaffen ƙwai ba ya sa ɗa ya yi sata, ba ya kuma hana haihuwa. Shan kafson da yawa yakan kawo gudawa da tashin zuciya. Lambar NAFDAC da mai talla ke nuna miki ba shaida ce ta warkarwa ba, a jikin irin waɗannan kaya sau da yawa an rubuta ƙarara cewa hukumar ba ta tantance da'awar da ake yi ba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne matar da ta ajiye jan maganin ƙarin jini da folik da aka ba ta a awo, wai yana sa ta amai, ta koma ga kafso mai tsada. Ƙarancin jini yana kashe mata a wurin haihuwa, lesitin kuwa ba ya ƙara jini ko ɗigo.

Inda nake so iyali su sa ido sosai shi ne abincin da ba shi da rubutu ko ɗaya a jikinsa. Yankinmu yankin masara ne da gyaɗa da wake. Masarar da aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba, musamman a wuraren da rashin tsaro ke sa manomi ya yi girbi a gurguje kamar Faskari da Sabuwa, takan yi fumfuna, fumfunar kuma tana fitar da guba mai suna afulatoksin. Tafasa ba ta kashe ta, tuya ba ta kashe ta. Tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi, tana fita a ruwan nono, kuma bincike a Binin da Togo da Gambiya ya danganta ta da tsumburewar yara. Tana jawo ciwon dajin hanta, balle ga mai ɗauke da cutar hanta nau'in B. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu daga cin gurɓatacciyar masara. Mu kuwa a nan, gyaɗa mai kyau ita ake kaiwa kasuwa, tsintar da ta yi baƙi ko ta motse a bar ta a gida a yi ƙuli-ƙuli da kunu, mai ciki da yara su sha. Wannan al'ada ya kamata a juya ta. A tsince masara da gyaɗa kafin a kai niƙa, duk ƙwayar da ta canza launi a zubar, kada a ba kaji ma. A shanya a kan tabarma ko tamfol, a ɗora buhu a kan katako nesa da bango.

Haka wake. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a ciki, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Turawa sun ƙi, mu muka ci gaba da ci. Ga kuma buhu mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwaro ta hanyar toshe masa iska ba tare da an zuba komai ba, yana nan a kasuwa, kuma ana iya amfani da shi fiye da kaka ɗaya. Sai madarar awo da ake ɗiba daga buɗaɗɗen buhu a ƙulla a leda: babu suna, babu ranar lalacewa, babu mai iya faɗa miki ko an cire man nonon an maye shi da man tsiro. Irin wannan ba a ba jariri ita ko kusa. Jariri nonon uwa zalla yake bukata har wata shida, ko ruwa ba a haɗa masa.

Kamfanoni da hukuma ma suna da nasu laifin a wannan ruɗani. Doka ta ce a yi rubutun jikin kaya da Turanci, amma ba ta hana a ƙara Hausa ba. Kamfanin da ke tallar madararsa da Hausa a rediyo safe da yamma, me zai hana shi rubuta kalma huɗu a gwangwani, “lesitin daga waken suya”? Rubutun ma ƙanana ne kamar ƙwan kifi, mai ido lafiya da ƙyar yake gani. Muddin aka bar mutane da lambar da ba su san ma'anarta ba, duk wanda ya riga yi musu fassara shi za su bi, ko da kuwa bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba. Ya kamata NAFDAC ta wajabta bayyana tushen irin waɗannan sinadarai, tsiro ne ko dabba, ta kuma riƙa amsa jita-jita da Hausa a gidajen rediyon Katsina da Kaduna tun tana ɗanya.

Kafin a kai ga haka, duk abin da kike shakka a kai, gwangwani ne ko kwali ko robar kafso, ki sa shi a jaka ki zo da shi ranar awo. Ma'aikaciyar jinya ko jami'in abinci za su karanta miki abin da ke jiki, su duba lambar rajista da ranar lalacewa. Idan maigida ne ke da shakkar, a zo tare da shi.